Rashin natsuwa ba shaidar laifi ba ne

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, suna kuma cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duka karin maganar biyu zato guda suke ɗauke da shi, wato cewa jikin mai laifi zai tona masa asiri ko da bakinsa ya ƙi. A ƙasar Amurka an ɗauki wannan tsohon zato an ƙera masa akwati, an sa masa wayoyi da allurai masu zane a kan takarda, aka raɗa masa suna poligiraf, jama'ar gari kuwa suka kira shi na'urar gano ƙarya. Yau fiye da shekara 100 ke nan ana ɗaura wa mutane ita a wurin ƴan sanda da hukumomin leƙen asiri, kuma bisa abin da ta zana ake ba wani aiki, ake hana wani, ake tsananta tuhuma a kan wani.

Akwai wani rukunin mutane da ke cikin haɗari na musamman a gaban wannan na'ura, ba kuma a cika jin kukansu ba. Su ne manya masu larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da TDAH a Faransanci, ADHD a Ingilishi. Ra'ayinmu a kan batun a fili yake. Bai halatta a rataya aikin irin wannan mutum, ko mutuncinsa, ko ƴancinsa a kan zanen allura ba, domin abin da na'urar ke bukata daga wanda ake gwadawa shi ne ainihin abin da larurar ta raba shi da shi. Wanda ke son ya gwada shi, shi ke da nauyin kawo hujjar cewa gwajin na aiki a kansa, kuma har yau wannan hujja ba ta samu ba.

Abin da na'urar ke aunawa

Wani ɗan sanda mai ilimin aikin sassan jiki, John Larson, shi ne ya haɗa ta a shekarar 1921 a garin Berkeley na jihar Kalifoniya. Daga bisani Leonarde Keeler ya ƙara mata ma'aunin gumi a ƙarshen shekarun 1930. A zamaninmu kwamfuta ta maye gurbin allura da takarda, amma aikin yana nan yadda yake. Ana ɗaura wa mutum bututun roba biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, domin bin numfashinsa. Ana naɗa masa ɗamara a damtse irin wadda ake awon tansiyo da ita a asibiti. Ana maƙala masa wasu ƙananan ƙarafa a yatsu domin jin ɗan gumin da ke fita. A kan kujerar kuma akwai wata shimfiɗa mai jin duk wani motsi nasa.

A cikin duk waɗannan babu wanda ke auna ƙarya. Abin da suke aunawa shi ne tashin jiki, kuma jiki na tashi saboda tsoro, da fushi, da kunya, da firgita, da ƙoƙarin tuna abin da aka manta. Domin a rufe wannan giɓi, wani mai suna John Reid ya fito da wata dabara a 1947, wadda ita ce ta fi yaɗuwa har yau. Ana gauraya tambayoyin da suka shafi laifin, misali ko kai ne ka ɗauki kuɗin da ke cikin akwatin, da wasu faffaɗan tambayoyi na kwatanci, misali ko a rayuwarka ka taɓa yi wa wanda ya amince da kai ƙarya. Zaton shi ne mai laifi zai fi razana da ta farko, marar laifi kuwa zai fi damuwa da ta biyu. Tambayoyin sukan kai goma, tsakanin kowace biyu akwai shiru na daƙiƙa 20 zuwa 25, ana kuma maimaita jerin aƙalla sau uku. Amsa ba ta wuce i ko a'a. Ba a motsi, ba a gyaran murya, ba a dogon numfashi. In aka haɗa da hirar da ke gabatar gwajin, zaman kan ci awa biyu, wani lokaci har huɗu.

Kotuna da yawa sun daɗe da nuna shakka. Tun 1923, a shari'ar da aka sani da sunan Frye, wata kotun ɗaukaka ƙara a Washinton ta ƙi karɓar wani gwajin ƙarya na awon jini. Kotun ƙolin Kanada ta ƙi shaidar poligiraf a 1987, babbar kotun tarayyar Jamus ta ce ba hujja ba ce a 1998, a cikin wannan shekara kuma kotun ƙolin Amurka ta amince da dokar da ta hana shigar da ita a kotunan soja, tana mai cewa masana ba su haɗu a kan ingancinta ba. A 2003 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar Amurka ta tace bincike 57, ta ce idan a kan wani laifi takamaimai ne na'urar ta fi caca nesa, amma tana nesa da cika. Ta kuma ba da wani lissafi da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe. A ɗauka akwai ma'aikata 10,000, a cikinsu maciya amana 10. In aka saita gwajin domin ya kama 8 daga cikin goman nan, to mutum 1,598 marasa laifi za su faɗi tare da su. A ɗaya gefen kuma, Aldrich Ames, jami'in CIA da ke sayar wa Masko da asirai, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991 kafin a kama shi a 1994. Gary Ridgway ya tsallake a 1984, sai a 2003 ya amsa laifin kisan mata 48. Wannan shi ne matsayin na'urar a kan mutanen da ba a ce suna da wata larura ba.

Wace ce wannan larura

Ba hauka ba ce, ba kuma daƙiƙanci ko rashin tarbiyya ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe hankali wuri ɗaya da yadda take taka wa mutum birki, kuma binciken tagwaye ya nuna cewa gado ke da kaso mafi girma a cikinta. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya siffanta irinta tun 1798. George Still ya yi lacca a kanta a Landan a 1902. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya ba ta sunan da take da shi yanzu a 1987, bugun 2013 kuma ya fito da ƙa'idar gane ta ga manya: alamu biyar aƙalla, waɗanda tushensu ya fara kafin shekara 12. Littafin ya ƙiyasta tana samun yara kusan 5 cikin 100, manya kuwa 2.5 cikin 100. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce manya miliyan 15.5 ne a ƙasar ke ɗauke da shaidar likita a kanta, kusan rabinsu kuwa sai bayan sun girma aka gano.

Mai karatu ya san irin waɗannan mutane ko da bai san sunan larurar ba. Akwai ma'aikacin da ya fi kowa kaifin basira a wurin taro, amma dosiye ta taru a kan teburinsa har ba a ganin katako. Akwai ɗan kasuwar da ba a cin shi a ciniki, amma ya kasa riƙe littafin bashi. Ƙafarsa ba ta daina kaɗawa, yana tsinka wa mutum magana ba da nufin reni ba, yana amsa tambaya tun ba a kai ƙarshenta ba, ana yi masa bayani hankalinsa ya tafi wani gari ya dawo. Tun yana yaro ake ce masa mai ƙiriniya, da ya girma aka koma ce masa mai rawar kai. Ba kowane mai irin wannan hali ke da larurar ba, likita ne ke tantancewa, amma daga cikinsu take. To, a ɗauki wannan mutum a zaunar da shi a kujerar da muka siffanta, a ga abin da zai faru.

Inda na'urar da larurar ke karo

Karo na farko a kan motsi ne. An sa shimfiɗar nan a kujera ne domin kama masu maguɗi, waɗanda ke matse tsokar jiki ko danna yatsun ƙafa a lokacin tambayar kwatanci domin su ruɗa na'urar. An horar da mai gwaji ya ɗauki motsi a matsayin alamar zamba. Shi kuwa mai larurar, zama cik na minti biyar aiki ne ja a wurinsa, kuma ƙoƙarin da yake yi na danne jikinsa shi kansa yana sauya numfashi da bugun zuciya. Idan ya motsa a zarge shi da maguɗi, idan ya daure na'urar ta zana wahalar dauriyar a karanta ta da sunan tsoro.

Na biyu a kan shirun nan ne na tsakanin tambayoyi. Daƙiƙa 25 ta ishi hankalin mai larurar ya bar ɗakin. Yana can cikin tunanin kuɗin haya ko wata magana da aka gaya masa jiya, sai murya ta faɗo masa da tambaya. Jikin ɗan Adam na zabura ga duk abin da ya zo masa ba zato, gumi ya tsatso, numfashi ya tsaya. Idan aka yi rashin sa'a wannan zabura ta faɗa a kan tambayar laifin, na'urar ba ta da hanyar bambance ta da razanar ɓarawo.

Na uku a kan tunawa ne. Gwajin neman aiki ba ya tambayar laifi guda da aka san ranarsa. Tambayoyinsa faffaɗa ne: ko ka taɓa ɓoye wani abu a takardun da ka cika, ko ka taɓa ɗaukar kayan wurin aiki, ko ka taɓa karya wata doka. Mutumin da ya yarda da ƙwaƙwalwarsa zai ce a'a hankali kwance. Wanda ya saba da mantuwa tun ƙuruciya zai ce a'a zuciyarsa na tambayarsa ko akwai abin da ya shige masa. Gisli Gudjonsson, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Aisilan da ya yi aiki a Landan, tare da Susan Young, sun nuna a 2007 cewa manya masu larurar sun fi sauran mutane yawan amsa tambaya da cewa ba su sani ba. A kujerar poligiraf kuwa babu wannan amsa. Ƙari a kan haka, rayuwar masu larurar ta fi cika da ƙananan tabo, kamar tarar gudu da mota, da jinkirin biyan bashi, da yawan sauya wurin aiki. Mutumin da ya shekara 30 ana yi masa faɗa a kan abin da bai yi da gangan ba, jin ƙamshin tuhuma kaɗai ya isa ya tayar masa da jiki.

Na huɗu a kan magani ne. Magungunan da aka fi bayarwa, wato metilfenidat da aka sani da sunan Ritalin, da dangin amfetamin irin su Adderall, suna ɗan ƙara bugun zuciya da hawan jini, wasu kuma suna sa gumi. Akwai wasu, irin su kilonidin da guwanfasin, da ke yin akasin haka, suna sauke jini su rage bugun zuciya. Ke nan maganin na taɓa abubuwan nan da na'urar ke aunawa. Ritalin mai saurin aiki ƙarfinsa awa uku zuwa huɗu ne, saboda haka wanda ya sha da safe yana iya fara zaman da magani a jikinsa ya ƙare shi babu. Wanda ya ƙi sha domin kada ya ɓata awon, ya shiga ɗakin da larurarsa tsirara. Wani ma ba zaɓinsa ba ne, domin a watan Oktoba na 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar da ƙarancin Adderall a ƙasar, mutane da dama suka yi ta yawo kantin magani zuwa kantin magani.

Akwai kuma na biyar, wanda ya kamata ya dami masu tsaro fiye da kowa. Tun farkon shekarun 1970 bincike da dama ya nuna cewa wasu masu larurar jikinsu ba ya saurin tashi kamar na sauran mutane, gumin yatsunsu ba ya amsawa sosai. Irin wannan mutum, in ya kasance shi ne mai laifin, yana iya wucewa sumul. Kuskuren dai ta fuska biyu yake, yana iya kama marar laifi, yana iya sakin mai laifi.

Amsar masu sana'ar

Adalci ne a saurari masu wannan sana'a, domin amsarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gwajin ba ya kwatanta mutum da wani, yana kwatanta shi ne da kansa. Idan magani ya ɗaga bugun zuciyarsa, ya ɗaga shi a kan dukkan tambayoyi daidai wa daida, bambancin da ake nema yana nan. Suna cewa ana maimaita jerin tambayoyin ne domin zabura guda ta ɓace a cikin jimilla. Suna shawartar mutum ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara. Suna kuma cewa mafi munin abin da zai faru shi ne sakamakon ya fito ba a tantance ba, wato ba a ce ya yi ƙarya ba, ba a ce ya faɗi gaskiya ba.

Maganar magani tana da ƙamshin gaskiya matuƙar ƙarfinsa bai sauya ba a tsawon zaman. Amma shagala ba ta sauka daidai a kan kowace tambaya, zuwa take ta tafi ba tare da sallama ba, kuma a cikin zagaye uku ba wuya ta faɗa wuri ɗaya sau biyu. Batun sakamakon da ba a tantance ba kuwa, sai wanda bai taɓa neman aiki ba zai kira shi ƙaramin abu. Inda mutum ɗari ke neman gurbi goma, wanda takardarsa ta fito da alamar tambaya an gama da shi. Dokar Amurka ta 2010 ta wajabta gwajin ga masu neman aikin tsaron iyaka da kwastan, a 2017 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa kusan biyu cikin uku na masu neman ba sa tsallakewa. Ko shakka babu ba dukkansu maƙaryata ba ne.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne rahoton nan na 2003 ya lura cewa binciken da aka yi a kan yadda bambancin mutane da shan magunguna ke shafar gwajin kaɗan ne, kuma mai rauni. Masu sana'ar na magana ne daga abin da suka saba gani a ɗakunansu, alhali mai gwaji ba ya sanin sau nawa ya yi kuskure, tun da wanda aka hana aiki bisa zalunci ba ya dawowa da hujjar wanke kansa. Horon da ake ba mai gwaji a makarantun da ƙungiyarsu ta amince da su kusan mako goma ne. Ba a zama likitan ƙwaƙwalwa a mako goma.

Haɗarin da ya fi girma

Tun da kotuna da yawa ba sa karɓar zanen na'urar, mai karatu na iya tambayar amfanin da ƴan sanda ke samu a cikinta. Amfanin yana cikin abin da ke biyo baya. Da an kwance wayoyin, mai gwaji kan dubi mutum ya ce masa na'ura ta nuna yana ɓoye wani abu, gara ya faɗa ya huta. Kotu ba ta karɓar zanen, amma tana karɓar amsa laifin da aka samo da shi. Tun 1969 kuwa kotun ƙolin Amurka ta nuna cewa yaudarar da ɗan sanda ya yi wa wanda ake tuhuma ba ta isa ita kaɗai ta soke amsa laifinsa ba.

A 1973, a jihar Konetikat, an kashe mahaifiyar wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Peter Reilly. Aka ɗaura masa na'urar, aka ce masa ya faɗi, aka yi ta tambayarsa awa bayan awa har ya fara shakkar ƙwaƙwalwarsa, ya amsa kisan da bai yi ba. An ɗaure shi, sai a 1976 aka soke hukuncin aka janye tuhumar. Labarinsa bai shafi larurar da muke magana a kai ba, amma ya nuna ƙofar da ake bi: a sa mutum ya fi yarda da akwati bisa ga abin da shi kansa ya tuna. Wa ya fi sauƙin shiga wannan ƙofa in ba wanda ya riga ya saba da zargin ƙwaƙwalwarsa ba, wanda zaman ɗaki guda ke ƙona shi, wanda ke yanke shawara cikin gaggawa domin ya fita yanzu ko da gobe za ta yi muni? Binciken da Gudjonsson da abokan aikinsa suka yi a gidajen kaso na Aisilan ya sami alaƙa tsakanin alamun larurar da yawan masu cewa sun taɓa amsa laifin da ba su yi ba.

Kada a ɗauka mutanen kaɗan ne a wannan fage. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 42 daga ƙasashe daban-daban ya sami larurar ga kusan ɗaya cikin huɗu na ƴan kaso. A Ingila, tun 2014 ana tilasta gwajin poligiraf ga wasu masu laifin fyaɗe da aka saki bisa sharaɗi, a 2021 kuma dokoki suka faɗaɗa shi zuwa masu laifin ta'addanci da na cin zarafin iyali. Wato an kai na'urar daidai wurin da masu larurar suka fi yawa. Ingila dai ta yi wani hankali, domin dokarta ta hana a kafa hujja da sakamakon a shari'ar laifi, kuma faɗuwa gwajin kaɗai ba ta mayar da mutum kaso.

Takardar likita da wanda ba ya da ita

Majalisar Amurka ta san da wannan matsala. Dokar 1988, wadda shugaba Regan ya sa wa hannu, ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikata da masu neman aiki. A ƴan wuraren da ta bari, kamar kamfanonin gadi da na magunguna, ko binciken wata sata takamaimai, ta ce ba za a yi gwajin ba idan likita ya rubuta cewa mutumin na da wata larura ko yana shan wani magani da zai iya jirkita awon. Ta kuma hana a kori mutum bisa sakamakon gwajin shi kaɗai.

Doka ce mai kyau, sai dai tana da ramuka biyu. Na farko, ba ta hau kan gwamnati ba, alhali gwamnati ce babbar mai gwaji, daga ƴan sandan ƙaramin gari har zuwa FBI da CIA. Na biyu, kariyar ta mai takarda ce. Wanda bai taɓa ganin likitan da zai gano larurarsa ba, ba ya da abin nunawa, shi kansa bai san abin da ke damunsa ba. Mai takardar ma yana tsaka mai wuya, domin in ya nuna ta ya tona wa mai ɗaukar aiki sirrin lafiyarsa, abin da dokar kare naƙasassu ta 1990 ta hana a tambaye shi kafin a yi masa tayin aiki, in kuma ya ɓoye ya shiga gwajin gano ɓoye-ɓoye da abin ɓoyewa a ransa.

Abin da ya shafe mu

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na'urar ta riga ta ƙetaro teku. A Afirka ta Kudu kamfanoni na amfani da ita sosai a kan ma'aikatansu, har kotun ɗaukaka ƙarar ƙwadago ta ƙasar ta yanke a 2014 cewa faɗuwa gwajin kaɗai bai isa hujjar kora ba. A maƙwabciyarmu Najeriya hukumar EFCC ta yi amfani da ita wajen tace ma'aikatanta. Kaya ne na sayarwa, kuma duk inda ake kukan sata da cin hanci dillalinsa zai sami mai saurare, ko minista ne mai son a ga yana aiki, ko attajirin da kuɗi suka ɓace masa a kanti yana zargin yaransa. A yawancin ƙasashen Afirka kuwa likitan ƙwaƙwalwa bai kai ɗaya ga mutum 100,000 ba. Ramin nan na biyu, na wanda ba ya da takarda, a wurinmu shi zai haɗiye kusan kowa.

Mutanen da a wasu yankunan Afirka ta Yamma sun san shan gwaska. A jiƙa ɓawon itacen a ba wanda ake zargi, in ya amayar an wanke shi, in ya mutu laifinsa ya tabbata. Ƙarfin ciki ne ke yanke hukunci, ana kiransa gaskiya. An bar wannan al'ada a wurare da dama domin an gane cewa jiki ba alƙali ba ne, bai kuwa kamata a dawo da ita ba don kawai ta zo cikin kwamfuta. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, a sashenta na 7, ta ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa.

Saboda haka, duk inda ake amfani da wannan na'ura, da duk inda ake shawarar sayo ta, ga abin da muke ganin shi ne mafi ƙarancin adalci. Kada a gwada kowa sai da yardarsa, kamar yadda kotun ƙolin Indiya ta yanke a 2010, kuma ƙin yarda kada ya zama laifi. Likita mai zaman kansa, wanda ba ya cin albashi a hannun mai gwaji, shi zai duba ko mutum ya dace da gwajin, sirrin abin da ya gani kuma ya tsaya a wurinsa. Wanda aka samu da larurar a bi da shi ta wata hanya: a binciki takardunsa, a tambayi wuraren da ya yi aiki, a bi sawun kuɗin da suka ɓace. A ɗauki dukkan zaman a faifai tun daga sallama har zuwa fita, lauya kuma ya kasance kusa. Amsa laifin da aka samu bayan an ce wa mutum na'ura ta kama shi, kada a karɓe ta sai da wata hujja daga waje. Sakamakon da ba a tantance ba a ɗauke shi kamar ba a yi gwajin ba.

Binciken gaskiya aiki ne mai cin lokaci da tafiyar ƙafa, shi ya sa akwatin da ya yi alkawarin gama shi cikin awa biyu ke da farin jini wurin masu mulki da masu dukiya. Ƴan kasuwa sun san cewa ba a karɓar ma'aunin da ba a gwada shi da dutsen awo ba, komai ƙyallinsa. Ga manya masu wannan larura ba a yi wa poligiraf wannan gwaji ba, saboda haka babu wanda ke da ikon auna gaskiyarsu da shi.